Ban Taɓa Ka Ba Tukuna

Ku kuka cuce ni. Ku masu cewa ciwon suga ba komai ba ne, a rage zaƙi a shayi, shi ke nan. Wa ya gaya min zai sauko ƙafa? Wa ya ce zai biyo ni har cikin mota?

Ga ni kwance a gadon gwaji, safa a hannu. Likita na riƙe da wani ɗan zare mai tauri, irin na kamun kifi. Wai in rufe ido, in ta taɓa tafin ƙafata in ce na ji. Takardar kamfani na kan teburinta. In ba ta sa hannu ba, ba ni ba tuƙi.

Shekara ashirin da shida ina jan bas. Ba wanda ya koya min, kallo na yi na ɗauke. Ƙafar nan tana jin birki kamar yadda harshe ke jin gishiri... a da.

Yanzu? Wuta. Allurai. Tururuwa na kai da komo tsakanin yatsuna. Ko zanen gado ya goge ni sai na zabura. Uwar yara ta ce, "Maigida, ƙwai ka koma ne, ba a taɓa ka?" Na daka mata tsawa, ta yi dariya, ta juya ta share ido. Abin da babu ina jin sa, abin da ke akwai kuwa —

Ranar Talata, a mahaɗar nan ta gaban kantin magani. Na ɗauka ƙafata na kan birki. Wallahi na ɗauka. Bas na ta tafiya, ga wata mata da keken jariri tana tsallakawa... sai da na sunkuya na duba. Direba yana leƙen ƙafarsa! Kafin in lalubo birkin in tsaya, taku biyu ya rage in take ta. Fasinjoji suka ce birki ne, na ce ƙwarai, na je na wanke bakanike tas, bawan Allah da bai yi min komai ba.

Likitar ta fara ne? Shiru. Fanka kawai. Babban yatsa ya yi tsuk — ita ce? Ko jijiyar banzan nan ce ke min ƙarya? In na yi shiru na faɗi. In kuma...

"Na ji."

"Baba," ta ce a hankali, "ban taɓa ka ba tukuna."

Ba zan buɗe ido ba. In ce wasa nake? In ce ta sake? To in ta sake na dace, ta sa hannu — gobe mutum sittin a bayana, ƙafar da ba ta ji a kan birki. In ta ƙi, in koma ƙofar gida in zauna in yi me? Ƙirga motocin wasu?

Na gaji. Ban ma san wanne nake roƙo ba.

Kai da kake ganin laifina, zo ka kwanta nan. Rufe ido, iyalinka na jiran ka a gida. Ka ce min da kai ne shiru za ka yi. Faɗi mana.