Faretin Albasa

Tun da Saje Mala ya ajiye kaki ya dawo gidansa na Fagge, matarsa Yakaka ba ta ƙara sakewa ba. Mutumin da a da sai a yi wata da watanni ba ta sa shi a ido ba, yanzu ga shi a tsakar gida tun safe har magariba, hannu a baya, yana duba aiki. Ya leƙa tukunya ya ce gishiri bai ji ba. Ya jera takalman ƙofar ɗaki, manya gaba, ƙanana baya. Har kajin gidan sun san takunsa, da ya fito sai su shige akurki.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damunta, ba ya samun barci, kuma ba ya fita ko'ina sai masallaci. In tayar babur ta fashe a titi, sai kofin shayi ya suɓuce masa, ya daɗe yana kallon bango. In ta tambaya ya ce, "Ba komai."

Wata Laraba ta je Kantin Kwari sayen atamfa, daga nan ta ratsa ta Bata ta shiga Sabon Gari, shagon Ambrose mai kayan famfo. Ambrose haifaffen Sabon Gari ne, Hausa kamar jakin Kano, kuma shi ne kofur ɗin da suka sha wuya tare da Mala tun daga Saliyo har dajin Borno.

"Kofur, don Allah ka zo ka ɗauki abokinka," in ji ta. "Ko aro ne, ka riƙe min shi yini guda in sha iska."

Ambrose ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa. "Hajiya, ai nima haka matata Agnes ta yi min bara. Matar nan cewa ta yi in ban nemi wurin zuwa ba, ita za ta shiga soja."

Ranar Asabar da sassafe ya tsaya a ƙofar gidan da tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya ƙame, ya sara wa Mala.

"Oga, wasu sababbin kurata ne suka gagare ni a bakin kogin Challawa. Ba su san layi ba, ba su san tsayuwa ba. Na ce sai kai."

Mala bai tambayi komai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauro tsohon takalminsa na aiki.

Da suka isa, babu kowa, sai wani ƙaramin lambu da Ambrose ya samu a gefen ruwa, da kwandon dashen albasa a inuwar mangwaro.

"Ina kuratan?"

Ambrose ya nuna kwandon.

Mala ya kumbura. Ya ce shi ba sa'an wasansa ba ne, a mayar da shi gida. Ya juya ke nan idonsa ya faɗa kan kunyoyin da Ambrose ya ja, kowace ta karkace kamar sawun maciji.

"Kofur, mece ce wannan?"

"Kunya ce, Oga."

"Lallai ta ci sunanta. Ba ni igiya."

Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya karɓi fartanya. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya tuɓe takalmin, ƙafarsa ta nutse cikin ƙasa mai sanyi. Yana dasa albasa yana yi mata faɗa, wadda ta kwanta ya tayar da ita. Gumi ya jiƙe masa riga. Balbelu suka sauka a bayansa suna tsintar tsutsa, ya ɗago ya dube su, bai kore su ba.

Ana cikin haka sai manomin da ke maƙwabtaka da su, Malam Bahauddeen, ya ja injin ban-ruwansa. Injin ya yi tari, sannan ya buga wata ƙara, tau!

Mala bai san lokacin da ya zube rub da ciki a magudanar ruwa ba. Hannunsa na laluben bindigar da babu ita. Da ya ɗago kai a hankali, sai ya ga Ambrose kwance a kunya ta gaba, fuska dumu-dumu da laka, shi ma yana leƙensa.

"Bayin Allah, lafiya?" Malam Bahauddeen ya ƙwalo daga can.

"Lafiya lau," in ji Ambrose. "Ƙasar muke dubawa ta kusa."

Dariya ta ƙwace wa Mala, irin wadda ya manta yana da ita. Suka yi ta yi har suka rarrafa gindin mangwaro.

"Ka zaci kai kaɗai ne?" in ji Ambrose yana goge fuska. "Lokacin Kirsimeti, in yara suka fara fasa abin wasan nan nasu mai ƙara, banɗaki nake shigewa. Agnes har maganin gudawa ta saya min."

Mala ya kalli ruwa yana tafiya. Can ya ce, "Chimezie nake gani. Kullum." Chimezie ƙaramin soja ne da ke ƙarƙashinsa, wanda nakiya ta tashi da shi yana tafe a gabansa. Tun ranar bai sake furta sunan ba.

Ambrose bai ce masa ya yi haƙuri ba. Sai ya ce, "Yaron da ke gatsar ɗanyar albasa kamar gwaiba. Da yana nan, da ba mu ga ko ɗaya a lambun nan ba."

Mala ya yi murmushi, hawaye na bin laka a kumatunsa. Suka yi ta hirar yaron, wautarsa da kirkinsa, har rana ta take. Mala ya wanke jiki a bakin kogi, ya yi alwala, ya yi azahar a kan buhu. Ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa. Bai farka ba sai la'asar sakaliya. Ambrose kuwa ya ɗauki minsharin da yake yi a waya ya tura wa Yakaka.

Da magariba ya shiga gida, takalmi a hannu, wando ya bushe da taɓo.

"Sannu da dawowa daga fagen fama, Saje," in ji Yakaka. "Na ji ƙarar manyan bindigogi a waya."

"Sharrin Kofur ne. Ni ba na minshari." Ya zauna, ya miƙe ƙafa. "Ki nemo min hular kaba kafin Asabar."

Ba a ce abin ya rabu da shi duka ba. Har yanzu in wani abu ya fashe yakan zabura, wani daren kuma barci yakan ƙi. Amma ya fara zama a majalisar ƙofar gida, kuma Asabar ba ta wuce shi. Daga baya ma ya ƙara da Talata, ya jawo wasu tsofaffin sojoji biyu da ke gadi a Titin Ibrahim Taiwo.

Albasa ta yi, ƙanana dai kamar goro, amma Mala ya ce irin su sun fi yaji. Da aka zo maganar abin da za a shuka a gaba, gardama ta kaure. Ambrose ya ce ganyen ugu, Mala ya ce kuɓewa, kuma shi ne babba a muƙami. Suka yi sati suna ja, har suka je lambu suka dawo ba mai yi wa wani magana sai sallama. Yakaka da Agnes suka haɗu a kasuwar Sabon Gari, suka duba abin da ya fi tsada a miya, suka aiko musu da saƙo.

Tattasai aka shuka.