Kartar da Ke Cikin Koren Ƙyalle

Ranar Lahadin da ta biyo bayan binne Doña Hortensia, masu duba da kartar tarot na dandalin da ke kusa da tashar jiragen ruwan Valparaíso suka haɗa teburansu wuri guda. Ba zaman makoki ba ne. Ita da bakinta ta ce duk wanda ya yi mata kuka za ta dawo ta ja masa ƙafa. Aka kawo empanada, wato gurasa mai nama a ciki, da zafinta, da shayi a fulas, da ruwan inabi.

Ismenia ce ta fara isowa, da farar kyandir a jakarta. Teburinta ne ke maƙwabtaka da na marigayiyar. Ita ma da karta take ci, amma mai duba ba ya duba wa kansa abin da ya tsaya masa a rai, don hannu karkata yake yi. Shi ya sa tun shekarar da ɗanta Nibaldo ya bi jirgin kamun kifi, jirgin bai dawo ba, ba a kuma tsinci gawa ba, Hortensia ce ke buɗe mata karta duk farkon wata. Sai ta warware koren ƙyalle, ta jera su, ta danne da tsakuwoyi saboda iska. Kullum kartar Tauraro ce ke fitowa, ko ta Rana, ko ta wani manzo bisa doki.

"Yana numfashi, ƙawata," haka take cewa. "Hanya ce dai ta yi masa tsawo."

A kan wannan magana Ismenia ta hana a yi wa Nibaldo addu'ar mamata a coci. Ta hana a gina masa ɗan ɗakin kyandir na tunawa da mamaci a bakin teku kamar na abokan tafiyarsa. Ƙanwarsa ta yi roƙo har ta gaji, ta yi fushi, ta koma Santiago.

Al'adar dandalin ce idan ɗayansu ya rasu a raba kartarsa: kowa ya zari ɗaya, ya faɗi abin da ya tuna, ya tafi da ita gida. Zulema, 'yar ƙanwar Hortensia, wadda ba ta san komai a sana'ar ba, ita ta kawo kartar daga ɗakin marigayiyar. Da ta fito da koren ƙyallen, Ismenia ta yi murmushi. Ba ta lura da yadda Nélida, mai tebur a gindin mutum-mutumi, ta dakata da tauna ba.

Wani tsoho da ake kira Don Baldomero, wanda ya fi kowa surutu, ya zari kartar Masoya.

"Kun gani ko? Har a kabari ba ta daina nemana ba!"

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji wata. "Bashin kuɗin haƙoran robarka take bi."

Aka kwashe da dariya. Wannan ya zari Rana, waccan ta zari Duniya, kowa na samun alheri. Don Baldomero, da ruwan inabi ya fara hawa kansa, ya buga tebur.

"Wai bikin matacciya, a ce ba wanda ya zari Mutuwa? Kai, Zulema, ba dai ta Ismenia kika ɗauko mana ba?"

Dariyar ta tsaya cak. Tsohon ya kai hannu baki, amma maganar ta riga ta fita.

Ismenia ta juya ga Zulema. Ta miƙa hannu, Zulema ta ba ta ragowar kartar. Ba ta taɓa riƙe ta gaba ɗaya ba, don ba a ɗaukar kartar wani. Taɓa saman kawai take yi idan an ce ta yanka. Ta baza su a buɗe, ta bi su da yatsa a hankali. Babu Mutuwa. Babu Hasumiya. Babu mutumin nan da ke kwance da takubba a bayansa. Ta dubi waɗanda ke hannun mutane, nan ma babu.

"Ina sauran?"

"Akwai wata a jan ƙyalle, Doña," in ji Zulema, tana kallon fuskoki. "Na ga wannan ta fi tsabta ne."

Nélida ta matso. "'Yar'uwa, ke ma kin san Mutuwa ba mutuwa take nufi ba. Sau nawa muke gaya wa mutane haka?"

"To me ya sa ta cire ta?"

Nélida ta sunkuyar da kai.

Sai ga ranar farko ta dawo wa Ismenia. Jan ƙyalle ne a ranar. Hortensia ta buɗe karta uku, ta tattare su da sauri kafin Ismenia ta gani, ta ce iska ta ɓata jerin, ta dawo gobe. Washegari aka fito da kore.

"Su wa suka san da wannan?" Muryar Ismenia ba ta tashi ba.

Ba wanda ya yi mamaki. Waɗannan su ne mutanen da ke tambayarta duk farkon wata, "Yaya, me ta fito?" su rungume ta in ta ce Tauraro.

"Don tana ƙaunarki ne," in ji Don Baldomero a hankali. "Ta ce ba za ki iya ɗauka ba."

"Ta tambaye ni?"

Ta buɗe jakarta ta fito da tata kartar, cikakkiya, ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Nélida, duba min. Yanzu, a gaban kowa."

Nélida ta ɓoye hannuwanta a ƙarƙashin mayafi. Ismenia ta tura kartar gaban Don Baldomero, ya kau da kai. Ta tura gaban na gaba, da na gaba. Kartar ta zagaye tebur ta dawo mata ba wanda ya taɓa.

Ta naɗe abinta ta mayar jaka. Hannunta ya ci karo da kyandir ɗin da ta sayo wa Hortensia. Ta ɗan tsaya.

"Ba ki zari taki ba, Doña," in ji Zulema.

"Na zara da yawa, 'yata."

Ta gangara bakin teku, inda ƙananan ɗakunan kyandir na abokan Nibaldo suke jere, fentinsu duk ya koɗe. A ƙarshen layin akwai ɗan fili. Ta durƙusa, ta kafa kyandir ɗin a tsakanin duwatsu, ta kare ashana da tafin hannunta. Sai da ta kama, sannan ta kira sunansa.