Takalman da Na Jera a Bakin Kogi

Shekarata sittin da tara, kuma ban taɓa kwana a wani gari ni kaɗai ba sai a wannan tafiyar. Mijina Tadao ya rasu bara, bayan jinyar shekara tara. Kafin shi na yi jinyar uwarsa shekara shida. Da aka gama taron cikarsa shekara, 'yata Chiharu ta zaunar da ni ta ce in tattara in koma wurinta a Yokohama, hawa na goma sha ɗaya, ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa sai rabi. Hujjarta ita ce na taɓa manta buta a kan wuta. Sau ɗaya tak! Ita da ta ƙone mini tukwane uku tana budurwa.

"Mama, ba za ki iya zama ke kaɗai ba," in ji ta. "Wani abu ya ƙara faruwa, da kaina zan zo da mota in kwashe ki."

Halin ubanta gare ta, in ta faɗa sai ta aikata. Bayan sati biyu na sayi sabbin takalma, na kulle gidana a Ogaki, na shiga jirgin ƙasa ban gaya wa kowa ba. So nake in gani da idona ko zan iya.

Da yamma na sauka a Narai. Na bi layin tsofaffin gidajen katakon nan ina ɗingishi, don takalman sun fara cin dunduniyata tun a jirgi, har na iso gidan baƙi na dangin Koshiba. Uwar gidan, Kiyono, wata 'yar siririyar tsohuwa mai ido kamar na kaza mai 'ya'ya, ta tarye ni a durƙushe a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, sannu da hanya. Nagase-san ce, ko?" Sunan gidanmu ke nan ta kira, da "san" na girmamawa. "Ina kayanki? Maigidan yana baya da kaya?"

"Ni kaɗai ce."

"Au. Ke kaɗai." Ta kalli 'yar jakata, ta kalli fuskata, sannan ta juya ta ƙwala wa mijinta kira. "Kai tsoho! Da ka amsa waya, me ya hana ka ce mini mutum ɗaya ce?"

"Kin tambaye ni?" muryarsa ta fito daga kicin.

Da ina da wayo da na tuna abin da kowa ya sani. Tsofaffin masu gidan baƙi ba sa sakin jiki da mace ita kaɗai, don a ganinsu wadda ta zo babu kowa, babu kaya, wataƙila ba ta da niyyar komawa gida. Ni kuwa murna ta rufe mini ido. Da Kiyono ta miƙo littafin baƙi ta ce in ƙara da lambar wani na gida, wai ƙa'ida ce kawai, sai na rubuta ta Chiharu ban ko yi tunani ba.

Ɗakin sama mai kallon kogi aka yi mini alkawari a waya, amma sai ta ce matakalar za ta wahalar da ƙafata, ta sauke ni a ƙasa, jikin kicin. Ban damu ba. Tabarmar ɗakin sabuwa ce, ƙamshin ciyawarta ya cika ko'ina. Na miƙe a kai na baje hannuwa, babu mai tari a ɗaki na gaba, babu agogon magani. Daɗi ya kama ni har na ji kunya.

Ban yi minti goma ba aka zuge ƙofar ɗakin, wadda ta katako da takarda ce. Shayi. Bayan ɗan lokaci, wani shayin. Sannan mijin nata, Genzo, wani ƙaton tsoho mai sanƙo, ya shigo wai zai duba ko tagar tana rufuwa, ya duba ta ya kuma duba ni. Da Kiyono ta kawo 'ya'yan itace sai ta zauna ta fere mini su da kanta, ta tashi da wuƙarta. Ko da na shiga wanka, na nutse cikin ruwan zafi har wuya, sau uku tana tsayawa a bakin ƙofa.

"Baƙuwarmu, ruwan bai yi zafi da yawa ba?"

"Daidai yake, uwar gida."

"To. Ki dai riƙa motsi in ji ki."

Na ce a raina, kai, mutanen dutse akwai karamci.

Ƙarfe shida aka kawo abinci. Gasasshen kifin kogi da gishiri, taliyar soba, ganyen daji da aka tsuma, shinkafa da miyar miso tana tururi. Na ɗauki kwanon miyar na kurɓa, ta ƙone mini harshe. Shekara goma sha biyar rabona da miya mai zafi, don kullum sai na gama ciyar da marar lafiya nake zama, lokacin ta riga ta huce. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Kiyono tana gefe da tukunyar shinkafa a gabanta. "Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ban taɓa zaton zan sami irin wannan kafin in mutu ba."

Ludayin ya kuɓuce mata. Ta ɗauka, ta cika mini kwano har ya yi tozo, ta ce in ci, gobe ma rana ce, kuma gobe akwai wainar shinkafa da miyar gyaɗar dutse, wadda duk garin babu mai yin irinta. Ta maimaita "gobe" ya fi sau biyar. Na cinye kwano biyu na yi barcin da ban yi irinsa ba tun ina yarinya.

Da safe, bayan karin kumallo, na ce zan ɗan zaga. Na sayi katin gaisuwa mai hoton garin, na zauna a wani benci na rubuta wa Chiharu, don na yanke shawarar in gaya mata inda nake bayan na riga na koma gida lafiya, ta ga shaida. Ba ni da yawan rubutu. Na ce: "Chiharu, kada ki damu da ni. Na sami hutun da nake nema. Na gode da komai."

Daga nan na hau tsohuwar hanyar duwatsu da ke bayan gari. Ban yi nisa ba takalman suka ce ba su san zancen ba. Dunduniyata ta ɗuri ruwa, yatsuna suna zugi. Na gangaro bakin kogi, na sami wani faffaɗan dutse, na cire su. Kuma da yake uwata ta hore ni, ban watsar da su ba. Na jera su kai da kai, na daidaita bakinsu, na ajiye jakata a gefe. Iska tana kaɗawa, sai na danne katin da takalmi ɗaya don kada ya tashi. Na taka ba takalmi na zaga bayan wani ƙaton dutse inda akwai inuwa, na tsoma ƙafafuna a ruwa.

Wayyo, sanyin nan! Ya ratsa ni har ƙoƙon kai. Na zauna ina kallon ƙananan kifaye suna zagaya idon sawuna, ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa duk ɗan ƙasar nan da ya ga takalma a jere a bakin ruwa, da takarda a ƙarƙashinsu, abu ɗaya zai fahimta: mai su ya yi ban kwana da duniya.

Ƙarar ruwan ta hana ni jin komai da farko. Can sai na ji ana fantsama, ana ihu.

"Nagase-san! Nagase-san! Wayyo, na shiga uku!"

Na leƙo. Genzo ne tsamo-tsamo a tsakiyar kogi, ruwa har cinya, da wandonsa da komai, yana laluben ƙasa da sanda. Kekensa yana yashe a kan hanya, tayar baya tana ta juyawa. Ashe matarsa ce ta sa shi ya bi ni tun fitowata, ya tsaya gaisawa da mai shagon kwanuka, na ɓace masa.

"Maigida," na ce, "me ya faɗa maka a ruwa?"

Ya juyo. Sai kawai ya zauna daɓas a cikin kogin.

"Ke ce," ya ce. "Ke ce kika faɗa."

"Ni? Ƙafata nake jiƙawa."

"Ƙafa? To wa ya ce ki jera takalmi haka? Har da wasiƙa!"

"To da watsar da su zan yi kamar 'yar da ba ta da uwa?"

Na kalli takalman daga inda yake kallonsu, na tuna abin da na rubuta, sai dariya ta kece mini. Na yi ta yi har cikina ya ƙulle. Shi ma ya fara, yana matse rigarsa. Sai ya tsaya cak.

"Ai na riga na kira tsohuwa a waya," ya ce. "Ita kuma ta ce za ta kira 'yarki."

Dariyar ta mutu a bakina. Shi ke nan, wani abun ya faru.

Mun koma, shi yana tura keke yana ɗiga, ni ina bin sa da takalma a hannu. Kiyono tana bakin ƙofa, goshinta a ƙasa, ta ƙi ɗagowa.

"Ki yafe mini. Shekara arba'in ina wannan aikin, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na sake kiran 'yarki na ce kina raye, amma ta ce tana hanyar tasha."

"Tashi, uwar gida, don girman iyayenki. Ai kula kika yi da ni."

"Duk laifin wannan ne," ta ce, ta harari mijin. "An ce ka bi mutum, ka tsaya surutu."

"Ke da kika ce kin gani a idonta fa?"

"Je ka canza wando, kana jiƙa mini katako."

Wayar gidan ta yi ƙara a cikin soro. Kiyono ta ɗauka, ta miƙo mini da hannu biyu. Raina ya ɓaci, ba da su ba, da kaina. Ina ganin gidana, da lambuna, da kujerata ta bakin taga, duk suna shirin kuɓuce mini saboda dunduniya.

"Mama!" Chiharu tana kuka tana faɗa a lokaci guda, ina jin hayaniyar tasha a bayanta. "Kin san abin da kika yi mini? Kin san abin da matar nan ta ce mini? Me ya kai ki can? Kin ga abin da nake faɗa, ko? Ki zauna nan, kada ki motsa, yau zan zo in tafi da ke. An gama maganar zama ke kaɗai."

Na saba yin shiru. Na yi wa uwar mijina shiru, na yi wa mijina, har abin ya zame mini jiki. Amma ƙafafuna suna kan katako mai sanyi, kuma tsofaffin nan biyu sun ƙi matsawa, sun tsaya suna yi kamar suna gyara furanni.

"Chiharu, saurara. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba."

"Mama, in kin zo gida ma..."

"Yanzu. Tun da babanki ya rasu, daɗi nake ji."

Na gyara riƙon wayar, na ci gaba.

"Ina kewarsa. Kullum da safe sai na zuba masa shayi a gaban hotonsa na yi masa hira. Amma ina tashi lokacin da na ga dama, in ci abin da raina yake so, in zauna ba mai kirana. Jiya na yi kuka a kan miya don daɗi. Kunya ce ta hana ni faɗa miki, kada ki ce ban so ubanki ba. Ni kaɗai nake son zama, 'yata. Ba wahala nake sha ba."

Na ji ana sanar da tashin wani jirgi a can wurinta.

"Ni na zaci kuka kike yi kullum a gidanki," ta ce a hankali. "Shekara guda ba na barcin kirki saboda tunaninki."

"To ki yi barcinki."

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da majina, irin wadda take yi tana ƙarama in ta gama rigima. Tausayinta ya kama ni sosai.

"Jirgin ya tafi," ta ce. "Ban shiga ba." Ta ja hanci. "Yaushe za ki koma gida?"

"Ban sani ba tukuna."

Na jira faɗa, na riƙe wayar da kyau.

"To," in ji Chiharu. "In kin sani, ki kira ni."