Kilo Hamsin da Huɗu

Rowa iri-iri ce. Akwai mai rowar abinci, akwai mai rowar gaisuwa, amma wanda ya fi su muni shi ne mai rowar ƙarfi, mutumin da Allah ya cika wa ƙirji da damatsa, sannan ya ƙulle su ya hana kowa. Irin wannan ne mutumin da ake kira Ginshiƙi.

Direba ne a wani kamfanin raba kaya. In ya tsaya a ƙofar shago, ko kwali ɗaya ba ya taɓawa. Sai ya jingina da mota ya harɗe hannu, masu saukewa su yi ta fama, in an yi masa magana ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi. Ƙarfinsa na wani wuri ne daban, wani tsohon gareji a bayan layin masu walda, inda ake ɗaga ƙarfe. Shekara tara yana zuwa, ko ana ruwa ko ana rana. Wurin ba abin kallo ba ne: rufin kwano, madubi ɗaya tsagagge, benci biyu da aka ɗinke fatarsu da waya, sikeli a bakin ƙofa, da fayafayan ƙarfe jibge a kusurwa. Amma akwai bango. A jikinsa ake rubuta sunan duk wanda ya ɗago kilo ɗari biyu da arba'in daga ƙasa har ya miƙe tsaye da shi, kuma cikin shekara talatin suna uku ne kacal a wurin. Mai garejin, wani tsohon ɗan dako da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin buhu, shi ke rubutawa da hannunsa, yana sabuntawa in sun dushe, shi ya sa ake ce masa Mai Alli. Babu abin da Ginshiƙi yake so a duniya kamar ya zama na huɗu.

A ba shi haƙƙinsa, ba malalaci ba ne. Tafin hannunsa ya yi kanta kamar tayar mota. Ya san ƙwai nawa ya ci jiya, ya san awa nawa ya yi barci, kuma yana da ɗan littafi da yake rubuta abin da ya ɗaga kullum. In sabon shiga ya lanƙwasa baya zai ɗauki ƙarfe, shi ne zai fara daka masa tsawa ya gyara masa tsayuwa. Mutanen garejin suna ganin girmansa. Babu wanda yake shiga ƙarƙashin nauyi mai yawa sai ya waiwaya ya ga ko Ginshiƙi yana tsaye a bayansa.

Abin da ba su sani ba shi ne abin da yake gida. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma a saman bene suke haya, matakala ashirin da shida tsakaninsu da titi. Duk Talata da Juma'a sai an sauko da tsohon an sa shi a tasi an kai shi asibiti wajen gashin jiki, an dawo an hau da shi. Wata biyun farko Ginshiƙi ne yake yi, kuma kamar jariri yake ɗaukarsa. Sai Mai Alli ya duba littafinsa wata rana ya ce masa in ya bi tsari na mako goma sha biyu, bangon zai iya samuwa, amma ya kula da bayansa, kada ya gajiyar da shi a banza.

Wannan magana ta kula da baya ita Ginshiƙi ya kai gida. Ya tara matarsa da ƙaninsa ya yi musu bayani cewa ɗaukar mutum ba kamar ɗaukar ƙarfe ba ne. Ƙarfe a daidai yake, mutum kuwa yana karkata, ga matakala da kwana, murɗewa ɗaya sai shekara tara ta tafi a iska. Mako goma sha biyu ne kawai, a yi haƙuri. Matarsa ta ce ita dai ta san tulun gas ma ita take hawowa da shi tun bara, ba ta san an fara ƙirga Baba a cikin kayan gida ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Ƙanin nasa tela ne, siriri, irin wanda iska mai ƙarfi take sa shi ya riƙe fal ɗin lantarki. Ranar Talata ya rufe shago, ya durƙusa gaban gadon tsohon, matar wansa ta ɗora masa shi a baya, ya sauka yana dafa bango. Ginshiƙi yana ɗaki yana jin takunsa, ɗaya, sai tsayawa, ɗaya, sai tsayawa. Ya ƙara sautin rediyo.

A mako na takwas bayan tela ya fara ciwo. Ya haɗa ƙyallayen da suka ragu a shago ya ɗinka wani abu mai kama da ɗamara yana ɗaurawa a ƙugu. Da abin ya ƙi, ya samu wansa yana shafa wa bel ɗinsa na fata mai, wanda yake ɗaurawa in zai ɗaga nauyi.

"Yaya, ka ara mini wannan mana, Talata da Juma'a kawai. Da na hawo zan mayar maka."

Ginshiƙi ya kalli ƙugun ƙaninsa ya yi dariya, ya ce sai ya zagaye shi sau biyu. Tela ya ce ba komai, zai huda masa wani rami. Nan dariyar ta tsaya. Ya ce bel ɗin ya riga ya kwanta da jikinsa, huda ɗaya za ta ɓata shi, ya je ya sayi maganin shafawa. Tsohon yana kwance a ɗakin da ke kusa, ƙofa a buɗe, kuma ciwon bai taɓa masa kunne ba.

Ranar da za a gwada ta faɗo Juma'a da yamma. Garejin ya cika, har masu walda sun ajiye aiki sun leƙo. Aka jera fayafayai a sanda har ta fara lanƙwasa tun tana ƙasa. Ginshiƙi ya ja bel ya matse, ya shafa alli a hannu, ya tako ya saita ƙafafunsa. Da ya ɗaga kai ya dubi madubi, sai ya ga ƙaninsa a bakin ƙofa da tsohon a baya, yana neman inda zai sauke shi. Daga asibiti suke. Ginshiƙi ya gaya wa kansa cewa sun zo taya shi murna ne, ya kawar da ido.

Ya sunkuya ya kama sanda. Ya ja numfashi ya cika ciki, ya taka ƙasa kamar zai huda ta. Ƙarfen ya rabu da siminti, ya tsaya a gwiwa yana rawa, jijiyoyin wuyansa suka fito, idonsa ya kaɗa. Sannan ya wuce gwiwa. Ya miƙe tsaye, ya riƙe, Mai Alli ya sauke hannu, Ginshiƙi ya saki. Rufin kwano ya amsa. Aka yi ta ihu ana dukan bayansa.

Mai Alli ya ciro alli daga aljihu ya nufi bango. Bangon kuwa kusa da ƙofa yake, daidai inda tela ya sake durƙusawa zai goya tsohon su tafi. Shekara talatin Mai Alli yana kallon yadda mutane suke sunkuyawa, ba ya iya wuce baya mai ciwo bai gani ba. Ya tsaya.

"Kai, tsaya. Wa ya koya maka ɗaukar kaya haka? Kuma wannan tsumman na mene ne a ƙugunka?"

Tela ya ce ɗan ciwo ne, ya kusa warkewa. Mai Alli ya tambaye shi tun yaushe yake wannan aiki, ya ce mako goma sha biyu, sau biyu a mako, hawa da sauka. Ya tambaye shi ko ba shi da wani ɗan'uwa da zai karɓe shi. Tela ya sunkuyar da kai. Tsohon ne ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna Ginshiƙi. Maganarsa a karkace take fita, amma garejin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ɗana ne, babban. Ni na ce a biyo da ni. So nake in ga abin nan da ake yi wa tanadin bayansa."

Mai Alli bai yi faɗa ba. Ya sa tela ya hau sikeli shi kaɗai, ya duba. Ya sa aka goya masa tsohon ya sake hawa, ya duba, ya cire wancan daga wannan da yatsunsa. Kilo hamsin da huɗu. Abin da Ginshiƙi yake ɗumama jiki da shi ya fi haka.

Ginshiƙi ya matso yana haki, ya fara cewa ai umarni ya bi, an ce kada ya gajiyar da bayansa.

"A banza na ce. Ubanka ne banzar?" Mai Alli ya juya allin a hannu. "Na ga ka ɗaga, kowa ya gani, ba zan ce ba ka ɗaga ba. Amma wanda hamsin da huɗu ya gagara, hannuna ba zai rubuta masa ɗari biyu da arba'in ba."

Ya mayar da allin aljihu. Ya shiga ciki ya ɗauko tsohon bel ɗinsa na lokacin dako, ya huda shi da ƙusa, ya ɗaura wa tela, ya nuna masa yadda zai sa nauyin a cinya maimakon ƙugu. Ginshiƙi ya cire nasa ya jefar, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya juya masa baya. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ture shi a hankali.

"Tashi, ɗana. Kada ka murɗe."

Mutum huɗu daga garejin suka bi su har gida, suka hau da shi matakala ashirin da shida a kan kujera, Ginshiƙi yana biye da takalman tsohon a hannu. Daga ranar suka raba Talata da Juma'a a tsakaninsu, suka ce tela ya huta. Ginshiƙi ya roƙa a sa shi a ciki. Suka ce su ba su ƙi ba, mai jikin ne ya ƙi. Bayan wata biyar gashi ya yi amfani, tsohon ya fara sauka da ƙafarsa, sanda a hannu ɗaya, kafaɗar tela a ɗayan, bai sake buƙatar bayan kowa ba.

Ginshiƙi yana nan yana zuwa gareji, ba a kore shi ba. Ga abin da ya rasa. Bango har yau suna uku ne a jikinsa. Sababbin shiga sun daina waiwayo su neme shi, in ya gyara wa wani tsayuwa sai a ce to, a ci gaba yadda ake yi. Ƙaninsa yana gaishe shi, amma bai sake roƙonsa ko allura ba. Sau arba'in da takwas aka bi matakalar nan da mahaifinsa cikin makonnin nan goma sha biyu, ko ɗaya ba nasa ba ne, kuma babu sauran wanda zai rama da shi. Abin da ya rage masa shi ne bayansa, lafiya lau, ko ƙwarzane babu.