Darbejiyar Bakin Kwata

Duk wanda ya bi Layin Sojoji da hantsi zai tarar da tsofaffi biyu a gindin darbejiya ɗaya, kowa da bokitinsa, kowa ya ɗaure fuska kamar an kawo masa sammaci. Namijin shi ne Mai Faci, wanda rumfar gyaran tayarsa ke tsallaken titi. Macen kuwa Ungozoma ce, wadda rabin mutanen unguwar a hannunta suka yi kukan farko.

Bayan an gama yaƙi ne aka dasa bishiyoyin nan a jere, kowace ɗaya a madadin wani ɗan unguwa da ya tafi bai dawo ba. Da fari har alluna na ƙarfe aka kafa musu, masu ɗauke da sunaye. To amma ƙarfe a bakin titi ba ya yin tsawon rai. Tsatsa ta ci rabi, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka taimaka mata da sauran. Ba wanda ya damu sosai, tunda kowane gida ya san bishiyarsa.

Kowane gida, ban da biyu. Mai Faci yana ƙarami aka yi dashen, kuma ya rantse yana gani mahaifiyarsu ta dasa ta yayansa Dogo dab da famfo. Gaskiya ya faɗa, sai dai famfon an sha tumɓuke shi ana matsar da shi. Ita kuma Ungozoma ta ce ta mijinta tana kallon ƙofar gidan waya. Ita ma ba ta yi ƙarya ba, amma gidan wayan ya daɗe da zama shagon katifu, an toshe tsohuwar ƙofa an fasa wata. Da famfo ya matsa, ƙofa ta matsa, sai lissafinsu ya haɗu a kan bishiya guda.

Bishiyar da ke shan bokiti biyu kullum ai dole ta yi kyau. Ta fi duk 'yan uwanta tsawo da kauri, wannan kuwa ya ƙara wa gardamar gishiri.

"Inna, ki dubi tsawon nan tsakaninki da Allah," in ji Mai Faci. "Mutumin da ake ce wa Dogo, a ina kike so ya fito?"

"Kai ka dubi kaurin gindin. Kafaɗar marigayi ke nan, ko tantama babu. Kuma ka iya bakinka, ni na karɓi haihuwar 'ya'yanka duka, na ga ranar da ka suma a ƙofar ɗaki."

"Santsi ne ya kwashe ni."

"Santsin da ya hana ka tashi sai da aka yayyafa maka ruwa."

Haka suka tsufa. Ran da ɗaya bai fito ba, ɗayan zai yi ta waige-waige, ya koma gida ransa ba daɗi.

A can ƙarshen layin kuwa, bakin kwata, akwai wata darbejiya siririya, karkatacciya, wadda ba ta da mai shayarwa sai ruwan sama da na wanki. A jikinta ake ɗaure akuya, a jikinta ake manna tallan maganin basir. Ko yaron goye ya san abin da hakan ke nufi: gidaje biyu sun taru a kan bishiya ɗaya, bishiya ɗaya ba ta da gida. Amma wa zai faɗa wa Ungozoma? Wa zai faɗa wa Mai Faci, mutumin da kullum akwai ƙarfen cire taya a hannunsa? Aka bar kaza cikin gashinta.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata rana Kansila ya tarar da su a gindin babbar bishiyar, ya gaishe su, ya yi ta sosa ƙeya.

"Inna, Baba, masu wutar lantarki sun ce karkatacciyar can ta kwanta a kan waya. Gobe da safe za su sare ta. Sun ce in akwai gidan da ke da ita, za su rage rassa kawai su matsar da wayar. In babu, shi ke nan."

"To mu ina ruwanmu?" in ji Ungozoma.

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Mai Faci. Tun da ake, wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Amma wunin ranar Mai Faci bai yi aikin kirki ba. Ya liƙa faci a inda ba huji, ya ba tayar wani mai keke iska har ta fashe. Idonsa na can bakin kwata. Idan ta Dogo ce fa? Ashe duk shekarun nan yana ta ɗura wa mijin wata ruwa, yayansa na tsaye a rana da tallan basir a ƙirji. Idan kuma ya je ya ce tasa ce, ya sallama wa Ungozoma babbar ke nan, kuma har ya mutu ba za ta bar shi ya sha ruwa da wannan magana ba. Ya auna wannan, ya auna wancan. Kunyar tsohuwa da nauyi, amma tsoro ya fi ta: an kashe Dogo sau ɗaya a inda ba wanda ya sani, ba zai zauna a rumfa yana kallo a sake kayar da shi a gabansa ba.

Gari na wayewa ya cika bokiti, ya bi ta bayan shagon katifu don kada ta gan shi. Yana shan kwana ya yi turus. Ga Ungozoma zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gindin karkatacciyar, ta ɓamɓare takardun talla tas, ƙasa ta jiƙe sharkaf.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Ina wurin mijina."

"Mijinki? Mai kafaɗar?"

"Na sake tunani. Marigayi yana da ɗan ranƙwafawa in yana tafiya. Je ka, na bar maka dogonka."

Wani a wurinsa sai ya yi godiya ya juya. Mai Faci kuwa ya dire bokiti.

"A'a, ba za a yi haka ba. Dogo siriri ne kamar sandar rake, ki tambayi kowa. Wannan tamu ce."

"Wa zan tambaya? Duk waɗanda suka san shi suna ƙasa."

Suna cikin haka motar masu lantarki ta iso, Kansila a gaba. Injiniya ya sauko, wani saurayi mai hular kwano, ya tambaya ko an samu masu bishiyar.

"Tawa ce," suka ce a tare.

"An ce mini ba ta da kowa."

"Jiya ke nan," in ji Kansila, yana danne dariya. "Yau ta yi biyu."

Injiniya ya dubi tsohuwa, ya dubi tsoho, ya ga wannan ba shari'ar da zai iya ba ce. Ya ce wa mutanensa su mayar da babban zarto mota, su sauko da tsani.

Da aka fara rage rassan, su biyun suka matsa gefe. Ganye na zuba a kansu. Can sai Ungozoma ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba.

"Mai Faci, in faɗa maka gaskiya? Ni fa ban san ko yana da kafaɗa ba. Ko shekara ba mu yi da aure ba aka tafi da su. Fuskarsa ta daɗe da ɓace mini. Bishiyar nake kallo in ce haka yake."

Tausayinta ya kama shi.

"Ni ma bayan Dogo kawai nake tunawa, Inna. Ranar da zai hau mota."

Masu lantarki suka gama suka tafi. Mai Faci ya ɗauki bokitinsa ya durƙusa a gindin bishiyar. Ya saba kiran sunan Dogo kafin ya zuba, yau kuwa ya buɗe baki ya rasa wanda zai kira.

"Zuba mana," in ji Ungozoma. "Shi ya san kansa."

Ya karkata bokitin a hankali, ruwan na gangarawa cikin saiwoyi.

"Wanda duk ke nan, ya yi haƙuri," ya ce. "Mun makara."