Garin da Ba a Sa Sakata

Babban ɗana ne ya kawo takardar, ya bugo ta daga ofis har da kala. Garuruwa goma da suka fi zaman lafiya a jiharmu, an jera su daga na ɗaya zuwa na goma, kowanne da hoton titi fes babu kowa a kai. Ya ɗora mini ita a cinya kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Mama, duba na ɗaya. Shekara huɗu ba a fasa gidan kowa ba."

"Wa ya ƙirga?"

"Masu bincike mana."

"Me suka ƙirga?"

"Sata, fashi, kisa, duk dai laifuffuka."

"Iyakar abin da ke samun mutum ke nan?"

Ya juya wajen ƙanwarsa. "Auta, kin ji ko? Mama ko Aljanna aka nuna mata sai ta tambayi wa ya auna faɗinta."

Ban ga laifinsa ba. A watan nan aka fizge wayar Auta a ƙofar gidanmu, aka yanke ta a hannu, ɗinki shida. Injiniya muke ce masa tun yana ƙarami, saboda duk rediyon da ya shiga hannunsa sai ya ga hanjinsa, kuma har ya girma bai daina ganin komai na da gyara ba. Ya riga ya kama mana gida a gari na ɗaya kafin ya nuna mini takardar.

Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne babansa. Malam ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a birni, da ƙafa, daga baya da keke. Mantuwa ta fara masa shekara biyar da suka wuce, a hankali, sai da ta kai wata rana yakan kira ni Yaya, wata rana ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Amma ƙafarsa ba ta manta komai ba. Ƙarfe takwas zai sa hula ya ce, "An kawo jakar?" Sai in ba shi tsofaffin ambulan bakwai da na tara. Ya kai wa mai faci ɗaya, mai kemis ɗaya, tela, mai shayi, haka har ƙarshen layi. Kowa ya karɓa ya ce an gode. Mai faci har hannu yake sa masa a wani ɓallen kwali. In ya zarce ya doshi babban titi, sai wani ya ƙwala masa kira, "Baba Mai Wasiƙa, tawa fa?" ya juyo da shi. Da yamma tela ya tattaro ambulan ya miƙo mini ta taga. Ba wanda ya tsara wannan. Layin ne mai hayaniya da wari da ɓarayin waya, kuma babu sa'ar da ba ido ashirin a kansa.

Na faɗa wa Injiniya haka. Ya ce, "Can ma akwai mutane, Mama. Mutanen kirki ma."

Gaskiyarsa, mutanen kirki ne. Ranar da muka sauka, kafin direba ya gama kwance igiya an kawo mana ruwa da tabarma da abinci kwano uku. Gidan ɗaki biyu ne da falo, da tsakar gida ta baya inda igiyar shanya take, ƙofar gaba kuma tana kallon titi kai tsaye. Titin kamar yadda yake a hoto. Daga hantsi zuwa la'asar kowa na gona, matasa kuwa sun tafi birnin da muka baro. In ka tsaya a bakin ƙofa sai ka ji kukan kaza daga gida na biyar.

Ƙofar ba ta da sakata. Akwai ramukan ƙusa huɗu inda ta taɓa zama, an shafe su da fenti.

Maƙwabcinmu kafinta ne. Kwana biyu da zuwanmu na je na same shi yana fere ƙafar kujera, matarsa na gefe tana tsince wake.

"Sakata nake so ka sa mini, can sama, inda sai an miƙa hannu."

Ya ajiye abin aikinsa yana dariya. "Hajiya, wa kike tsoro? Ni ko matata?"

"Matarka dai, na ga idonta a kan tukunyata."

Matar ta tafa hannu. "Kin gano ni da wuri. Amma Hajiya, a nan ba a sa wannan abin. Wani malamin makaranta da aka turo mana ya sa kwaɗo, yara suka riƙa zuwa kallo. Har ya bar garin ana ce masa Mai Taska."

"Sabo ne," in ji kafinta. "Ki ba kanki wata guda, za ki manta da ita. In kuma kin dage, sai na shiga birni in sayo, don mai shago ba ya ajiyewa."

Nan ne ya kamata in ce ba don mai shigowa nake so ba, don mai fita ne. Kalmomin suna bakina. Sai na tuna a birni ba wanda na taɓa yi wa bayani, ciwon ya zo a gabansu, sun san Malam tun yana da kaifinsa. Waɗannan kuwa jiya suka fara ganinsa, da farar rigarsa, yana amsa gaisuwa tiryan-tiryan, suna cewa dattijo mai kamala. In na faɗa, sunan da za su ba abin na san shi, kuma da shi za su san Malam har abada. Na ce, "To, in ka shiga birnin." Da matar ta tambaye ni me ya sa Malam ba ya fitowa, na ce hawan jini.

Na yi dabarata. Nakan jingina kujera a jikin ƙofar, in ɗora gwangwanin madara da cokali biyu a ciki. Ko taɓawa ya yi zan ji. Ambulan kuwa a cikin gida yake raba su yanzu, ɗaya a kicin, ɗaya a kan taga, ɗaya a hannuna. Wani lokaci ya tsaya a tsakiyar falo da sauran a hannu ya ce, "Yaya, an canza lambobin layin nan."

Mun yi wata biyu da kwana tara haka. Kafinta ya shiga birni sau biyu, ya manta sau biyu, ni ma ban matsa ba.

Ranar Talata da safe matarsa ta zo aron rariya. Na ji sallamarta, na yi sauri na janye kujerar na tura gwangwanin ƙarƙashin tebur, don kada a samu abin ba da labari. Muka yi hira a tsaye, ta tafi. Malam na zaune yana shan shayi. Wanki na jira na a baya. Na ce bari in shanya zannuwa uku in dawo.

Da na dawo kofin na nan da sauran shayi, da ɗuminsa. Hula ba ta kan ƙusa.

Na fita titi ba mayafi. Dama babu kowa, hagu babu kowa. Na bi dama don ta fi kama da hanyar da yake bi a da, na yi ta kira har bakin makaranta. Ashe hagu ya bi.

Ofishin 'yan sanda ɗaki ɗaya ne da benci. Sajan ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. A garin nan ko akuya ba ta ɓata. Yana gidan wani ana ba shi shayi."

"Ba ya gane hanya. Ba ya gane ni ma wani lokaci."

Wannan ne karo na farko da na faɗa a garin, kuma bai fi numfashi ɗaya ba. Sajan ya dube ni, fuskarsa ta canza.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyar."

"A'a, fitar tasa."

"Awa ɗaya da rabi. Ku ɗauko mota."

Ya sosa ƙeya. Motar an mayar da ita wani gari tun bara, inda aka fi bukatarta. Babur ɗinsa ne kawai, shi ma sai an tura.

Kafin azahar gari ya dawo daga gona saboda mu. Ba wanda ya tsaya cin abinci. Suka leƙa rijiyoyi, suka bi bakin rafi, suka shiga gonakin masara a jere suna kira. Duk a kewayen gari suke nema, don kowa ya ce tsoho mai shekara saba'in da takwas ba zai wuce mil biyu ba a wannan rana. Wata mata ta ce ta gan shi wajen injin niƙa, ya gaishe ta ya tambayi yara. Wani ya ce ya ba shi ruwa, ya sha ya yi godiya. Matar kafinta na riƙe da hannuna tana cewa, "Da kin faɗa mini, Hajiya. Da kin faɗa mini kawai." Ba da faɗa take yi ba, shi ya sa ya fi zafi.

Injiniya da Auta suka iso daga birni da la'asar. Injiniya ya shiga masara da takalmin ofis.

Sai washegari da hantsi mai ƙwai ya dawo gari. Mutum ne mai kai ƙwai kasuwanni a bayan a-kori-kura, ya kwana a hanya, bai ji labari ba sai da ya tsaya shan mai. Ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa, hularsa a hannu.

"Hajiya, ni na ɗauke shi."

Kowa ya juyo gare shi, ya ci gaba.

"Na gan shi a bakin hanya yana sauri. Na ce Baba, ina zuwa a ƙafa cikin ranar nan? Ya ce aiki, ya makara, mutane na jiran saƙonsu. Na ce shigo gaba. Muna tafe yana ba ni labarin unguwannin birni, layi-layi, wallahi ko ni mai mota ban san su haka ba. Da muka kai mararraba ya ce nan ne, in sauke shi. Har ya ce in gaida maigidana."

"Mil nawa ne mararrabar?" in ji Injiniya.

"Goma sha ɗaya."

Injiniya ya yi kansa, kafinta ya riƙe shi. Na ce, "Bar shi. Tsoho ya gani a rana ya rage masa hanya. Me kake so ya yi?"

A mararrabar babu gida, babu rumfa, hanyoyi huɗu ne da ciyawa. Aka kwashi mutane a motar ƙwai da ta Injiniya, aka rarrabu. Ni aka ce in zauna a gida ko zai dawo. Na zauna a falo ina kallon ƙofa a buɗe, Auta na kusa da ni tana murza tabon hannunta.

Ranar Alhamis da safe wata mai kiwon awaki ta same shi, mil uku daga mararraba, a ƙarƙashin kwalbati inda akwai inuwa. Yana zaune ya jingina da bango. Ya cire takalmansa ya jera su gefe ɗaya. Likita ya ce ƙishirwa ce da zafi, kuma tun ranar Laraba ya cika. Na tambaye shi da safe ko da yamma, ya ce ba zai iya sani ba. Har yau ina lissafin awannin, ko lokacin muna cikin masara ne, ko lokacin mai ƙwai na durƙushe a ƙofata.

A garin aka binne shi. Duk wanda ke iya tafiya ya raka shi, har da mutanen da ba su taɓa jin muryarsa ba. Mai faci da tela suka zo daga birni a mota ɗaya, suka zauna a tabarma. Mai ƙwai kullum sai ya zo ya zauna can nesa, in an ba shi abinci ya ce ya ƙoshi.

Da aka watse, Injiniya ya shigo ɗaki ya same ni ina ninke rigunan babansa. Ya rame a sati guda. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ya rabu da yi tun yana firamare.

"Mama, ni ne ko?"

"Ka ci abinci yau?"

"Mama."

"Tsoro ka ji mana, ka ɗauke mu. Ni kunya na ji. In rabo za a yi, nawa ya fi naka, don haka kada ka yi mini haɗama."

Ya kifa kansa a gwiwata. Na bar shi har ya gama.

Da ya ɗago ya share fuska ya ce, "Na yi magana da direba. Ranar Asabar zai zo. Ɗakin da ke gidana na nan, an yi masa fenti, yara ma sai tambaya suke yaushe Kaka za ta zo."

"Ka ce masa ya bari."

"Sai yaushe?"

"Ba na tafiya."

Auta ta leƙo daga bakin ƙofa. "Haba Mama. Me za ki zauna yi a nan ke kaɗai? Wa kika sani?"

"Babanku na nan."

"Mama, Baba ai..."

"Na san inda yake, ni na zaɓi farin yadin. Mutumin nan ko a falo ɓacewa yake in bai gan ni ba. In tafi in bar shi wa? Bai san kowa a garin nan ba."

Suka dubi juna. Na san kallon, shi suka riƙa yi wa babansu a farkon ciwon. Ban damu in gyara musu ba. Na miƙa wa Injiniya rigar da ke hannuna, na ce ya kama ɗaya gefen, don hannun rigar dogo ne, mutum ɗaya ba ya ninke ta daidai.