Haƙorin Yanke Zare

Tela ya ɗaga farin yadin zuwa hasken taga, ya ƙura wa ɗigon ido. Jini ne, ja wur, daidai bakin wuyan rigar. Ya duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, babu inda allura ta soke shi. Karo na uku ke nan a mako guda, shi kuwa in abu ya ɗaure masa kai ko abinci ba ya shiga cikinsa.

Matarsa ta ajiye kwanon abincin rana, ta tsaya tana kallonsa ya kai zare baki ya datse.

"Malam, buɗe bakinka. Ga ɓarawon nan, kana ta nemansa a hannu."

A madubin shago ya ga dasashinsa ya kumbura, ya yi jawur. Da ya taɓa haƙorin gaba, wanda shekara talatin yake yanke masa zare har ya yi 'yar tsaga, sai ya ji ya motsa.

Washegari a asibiti, likitar haƙori ta zura wani siririn ƙarfe mai zane-zane tsakanin haƙori da dasashi, tana faɗa, ma'aikaciya na rubutawa.

"Uku. Uku. Biyar. Bakwai."

Tana cire hannu ya yunƙura. "Likita, awo kike yi mini?"

"Awo ne, Baba. Dasashi mai lafiya yana kama haƙori tsam, kamar wuyan rigar da ya zauna. Naka ya saki."

Wannan bayani ya shige shi sosai. Ya roƙa aka ba shi ƙarfen, ya jujjuya, har ya manta da tsoro.

"To bakwai ɗin na wanne ne?"

Ta nuna na gaban.

"Zare ne ya jawo?"

"Datti ne ya taru a gindinsa ya daskare. Amma cizon zaren yana ƙara girgiza shi. Yau zan kankare. In kana goge baki safe da dare, kana dawowa, ka kuma daina mai da shi almakashi, mai yiwuwa ya zauna. In ba haka ba, cirewa za mu yi."

Da ta gama ta miƙa masa ɗan farin akwati. Ya buɗe, ya ja, sai ga zare.

"Ikon Allah! Da shi zan yi magani?"

"Tsakanin haƙora, kullum."

Da yamma ya zauna a tsakar gida yana murza zaren da yatsu, yana gaya wa matarsa wannan ba auduga ba ce, kuma ko maɓalli ba zai riƙe ba. Ya ja kamar kamu ɗaya, ya ɗaga shi zuwa baki, ya saita tsagar nan zai datse.

Matar ta matso. Almakashi kawai ta ɗora masa a cinya.